Hasken Rana, Fanfo da 'Yan Agaji a Karkarar Damagaram: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya bi hanyar Mirya ko ya gangara Magariya ya saba ganin allunan porje, wato ayyukan raya ƙasa na masu ba da agaji, a bakin hanya, wasu sun koɗe har ba a iya karanta sunan wanda ya ba da kuɗin. Tambayoyin nan daga fadarmu suka fito, wajen shayi, ranar da wani ƙanenmu ya dawo daga ƙauyen kakanninsa yana ta faɗa, wai fanfon da aka ƙaddamar da kiɗa da guɗa bara waccan ya mutu, mata sun koma tsohuwar rijiya.

Me ya hana a ja wa ƙauyuka wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na ƙasa, kowa ya huta?

Nisa da kuɗi. Jihar Damagaram tana da faɗi, daga bakin iyakar Najeriya har can Tasker, ƙauyukan kuma a warwatse suke. A kafa turaku da waya na kilomita talatin domin gida arba'in da ba za su kunna komai ba sai ƙwan fitila da cajin salula, kuɗin ba zai dawo ba ko bayan shekara hamsin. Shi ya sa a Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuwa bai kai ɗaya cikin goma ba.

Ita kanta wayar ba ta tsira ba. Wutar da ke zuwa Maraɗi da Damagaram daga Katsina take shigowa ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta katse ta, sai a Maris na 2024 aka maido. A watannin nan mutanen birni sun ɗanɗani abin da na ƙauye suka tashi a ciki, kuma mai fano, wato faifan samar da wuta daga hasken rana, a saman ɗakinsa shi ne ya zama sarki a unguwa.

Ashe wutar hasken rana ba wani sabon yayi ne Turawa suka kawo mana ba?

Ko kusa. Tun a 1965 Nijar ta kafa ofishin binciken hasken rana, ONERSOL, wanda Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya daɗe yana shugabanta. Haifaffen Tasawa ne, nan maƙwabtanmu, kuma sunansa jami'ar Yamai ta ci. Daga baya aka samu tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018 da ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023, ga hukumar ANPER da aka ɗora wa kai wuta karkara. Abin da ya canza kawai shi ne farashin fano ya faɗi warwas, har ya shigo kasuwar ƙauye.

Rana dai muna da ita har ta yi mana yawa. To me ke kashe kayan?

Rijiya ta bayar, guga ya hana. Fano mai kyau yana shekara ashirin ko fiye yana aiki. Batir ne matsalar. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana cinye batir mai ruwa, a shekara biyu ko uku ya gama yawo. Da yawa kuma batirin mota suke saye saboda sauƙi, alhali shi an yi shi ne don ya tada inji a daƙiƙa kaɗan, ba don a tsotse shi kwana guda ba. Wasu ma sai su haɗa fano da batir kai tsaye ba tare da na'urar daidaita caji ba. Akwai batir na litiyom mai jimiri, amma kuɗinsa ba na kowa ba ne.

Na taɓa shiga wani ƙaramin gidan likita a wani ƙauye da hunturu. Firjin allurar rigakafi a kashe, an mayar da shi ma'ajiyar takardu. Malamin ya ce wata takwas ke nan yana aika saƙo a zo a duba. Muka sa tsani muka hau rufi: ƙurar da ke kan fanon za ka iya rubuta sunanka da yatsa, ga kashin tantabaru, ga waya ɗaya ɓera ya gwaguye ta. Tsumma, ruwa rabin bokiti da ɗan salatif suka tada shi kafin la'asar. Waɗanda suka kafa kayan sun ɗauki hoto sun tafi, ba su nuna wa ko mutum ɗaya inda ake shafawa ba. Allurar nan kuwa in ta fita daga sanyin digiri 2 zuwa 8 ta lalace, sai mace ta goyo ɗanta ta yi tafiyar rabin yini zuwa wani gari.

In kuɗin na abu ɗaya ne, wuta ko ruwa?

Ruwa. Tambayi kowace mace a ƙauye, ba za ta bari ka ƙarasa tambayar ba. Mu 'yan Damagaram mun fi kowa sanin wannan, garin da ke zaune bisa dutse har sai an jawo masa ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza. A yankin Damagaram Takaya da Muniyo ma haka ƙasan take, ana iya haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a tarar da dutse busasshe, kuɗi ya tafi a banza. Don haka binciken ƙasa kafin haƙa ba almubazzaranci ba ne.

Abin daɗin shi ne fanfo mai aiki da rana ba ya buƙatar batir. Da rana yana tura ruwa sama cikin shato, wato tankin da ke bisa hasumiya, da yamma ruwan ya sauko da kansa. Shaton shi ne batirin. Ƙa'idar da ake bi a ƙasar nan ita ce mashaya ɗaya ta zamani ga mutum 250. Ƙaramin ƙauye fanfon hannu ko na ƙafa ya ishe shi, in dai akwai mai gyara a kusa da shagon da ke sayar da robobinsa. Babban gari shi ya cancanci shato da kawunan fanfo a unguwanni, in ruwan ya yi saura mata su yi garka, a samu albasa da tumatir da zogale da rani.

Amma a ce talaka ya sayi ruwan da aka ba shi sadaka, wannan ba zalunci ba ne?

Wannan tambayar ta fi kowace tada jijiyar wuya a fada. Ba ruwan ake saye ba, ranar mutuwar fanfon ake tara wa. Mu ɗauka bido ɗaya, wato jarkar ruwa, dala biyar ne, ana ɗibar bido 200 a yini. Tunda dala 200 ce jika ɗaya, jika biyar ke nan kullum, jika 150 a wata. A biya mai tsaro da mai karɓar kuɗi, saura a ajiye. Ranar da injin ya ƙone, a ɗauko a sayo wani, ba sai an tafi roƙo ofishin magajin gari ba.

Inda abin ke ɓaci shi ne ajiyar. In kuɗin yana aljihun mutum ɗaya, biki zai zo, rashin lafiya za ta zo, wani babba zai ranta, kuma wa zai iya ce wa mai gari ya biya? A ganina ma'aji ta zama mace, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, makulli kuma ya kasu hannu biyu ko uku. Gwauraye da tsofaffi marasa ƙarfi, gari ya san su, a yafe musu.

'Yan agajin da ke zuwa daga waje, suna da amfani kuwa?

Wasu ƙwarai. Likitan da ya zo da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka cika gadajen yara a Magariya, ba wanda zai raina aikinsa. Wanda ya zo na mako biyu ya ɗora bulo, alhali garin cike yake da magina marasa aiki, kuɗin jirginsa kaɗai da ya gina ajin.

Sannan baƙo rabonsa tafiya. Matasan Peace Corps na Amurka sun yi aiki a Nijar tun 1962, wasunsu sun ji Hausa kamar jakin Kano, amma a Janairun 2011 aka kwashe su gaba ɗaya saboda tsaro. A 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID, ayyuka da dama suka tsaya cak. Waɗanda suka rage su ne 'yan sa-kai na gari: matar da ke auna damtsen yara don gano tamowa da ɗan zaren nan mai kore da rawaya da ja, saurayin da ya koyi kwance fanfo, dattawan da ke kiran gayya. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai abin da ya ɗore bayan porje ta tafi?

Ka fita Matamai ko Magariya da rani ka dubi gonaki. Gawon da ka gani birjik ba wanda ya dasa shi. Manoma ne suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, suna barin reshe biyu ko uku suna sassabe sauran. Sassaben zamani ake ce masa. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya yaɗa dabarar a Maraɗi tun 1983, amma a Mirya da Magariya da Matamai manoma sun riƙe ta da kansu. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a faɗin ƙasa. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne. Dokar gandun daji ta 2004 ta taimaka, don manomi ba ya renon icen da yake tsoron a ci shi tara a kansa. Kuɗin aikin duka lauje ne da haƙuri.

Haka Mata Masu Dubara, asusun da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Maraɗi a 1991. Bisa adashen da mata suka sani aka gina shi, shi ya sa ƙungiyoyin suka ci gaba da taro ko ba malamar porje.

Makiyayan Tanut da Tasker fa, da ba sa zama wuri ɗaya?

Su shato a tsakar gari bai dame su ba. Rijiya a kan burtali, fitilar rana da ake ratayawa a raƙumi, rigakafin dabbobi. Amma sabuwar mashaya da aka haƙa ba shawara tana iya tara garke fiye da ƙarfin ciyawar wurin, ta kuma haddasa faɗa tsakanin Fulani, Buzaye da Tubawa kan wa ke da ikon shayarwa. Bayan fari, habbanayen Fulani ya fi rabon kyauta aiki: a ba mutum aron akuya ko saniya, ta haihu, ya riƙe 'ya'yan, ya maido uwar a ba wani.

Ni ɗan ƙauye ne ina neman kuɗi a Kano, na tara 'yan jikuna. Daga ina zan fara?

Kafin ka sayi komai, ka je gida ka ƙirga abin da ya mutu: fanfo nawa, fano nawa, injin niƙa nawa. Sau da yawa tada matacce bai kai rabin kuɗin sabo ba. Ka zauna da mata daban, don a gaban mai gari ba za su faɗi gaskiyar abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya ba. Ka sanar da magajin gari da ma'aikatar ruwa. Sannan ka zaɓi saurayi ɗaya mai aure, wanda ba ya shirin tafiya Libiya ko Aljeriya, ka kawo shi nan birni ya zauna wata uku wurin mai haɗa kayan hasken rana. Ka saya masa mitar awon wuta, filaya da sukuddireba, ku kuma yanka da mutanen gari tun yanzu nawa za a riƙa ba shi duk gyara.