Bangaskiyar Kirista da ciwon damuwa: tambayoyi da amsoshi

Shin mai bi na gaskiya zai iya kamuwa da ciwon damuwa?

Ƙwarai kuwa, kuma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. A 1 Sarakuna sura 19, annabi Iliya, wanda bai daɗe da yin nasara a kan annabawan Ba'al a Dutsen Karmel ba, ya gudu jeji saboda barazanar Sarauniya Yezebel, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa. Ba a tsawata masa ba, ba a kuma ce masa bangaskiyarsa ta yi rauni ba. An bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai da jikinsa ya farfaɗo, ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, sannan Allah ya saurari kukansa, ya shaida masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha ya zama mataimakinsa kuma magajinsa. Wato an kula da barcinsa da cikinsa da kaɗaicinsa, abubuwan da likitan ƙwaƙwalwa ma yakan tambayi majinyaci a kansu a yau.

Manzo Bulus ma ya rubuta wa Korantiyawa cewa a ƙasar Asiya wahala ta danne su har suka fid da rai ga rayuwa. Yesu kansa ya ce wa almajiransa a Getsamani baƙin ciki ya kai ransa ga bakin mutuwa.

To, wace ta'aziyya ce bangaskiya take bayarwa, idan ba ta hana ciwon ba?

Babba a cikinta ita ce sauke wa mai ciwo nauyin zargi. Mai ciwon damuwa yakan ga kansa ba shi da amfani, ya ɗauka ya zame wa iyalinsa kaya, har ya yi zaton Allah ya juya masa baya. Bishara kuwa tana koyar da cewa karɓuwar mutum a wurin Allah ta alheri ce, ba ta dogara ga ƙwazonsa ko yanayin zuciyarsa ba, saboda haka ranar da ya kasa tashi daga shimfiɗa darajarsa ba ta ragu ba.

Ban da wannan, bangaskiya tana ba shi kalmomin yin kuka. Zabura 88 addu'a ce ta wanda ya ji an yashe shi, ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar samun sauƙi ba, duk da haka tana cikin waƙoƙin sujada. A ganina, wanda bakinsa ya yi nauyi ga addu'a zai fi samun sanyin zuciya a irin wannan zabura fiye da waƙoƙin nasara da ake matsa masa ya rera.

Ba zunubi ko aljanu ko sammu ne suke jawo shi ba?

Da almajirai suka tambaya ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, Yesu ya amsa cewa ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba (Yohanna 9). Ciwon damuwa yana da dalilai da aka sani: gado, rashin masoyi, talauci, haihuwa, doguwar jinya, shaye-shaye, da firgicin tashin hankali. Ɗaure mai ciwo da mari, ko dukansa, ko tilasta masa azumi da sunan korar aljanu zalunci ne, ko da a ɗakin addu'a aka yi shi.

Shan maganin asibiti ba rashin bangaskiya ba ne?

A'a. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, annabi Ishaya kuma ya umarta a ɗora wa Sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa bayan Allah ya riga ya yi masa alkawarin warkewa. Ba wanda yake zargin mai ciwon sukari don ya sha magani. Sai dai a sani cewa magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma yanke su farat ɗaya, misali bayan an yi wa mutum addu'a ya ji sauƙi, yakan dawo da ciwon. Likitan da ya rubuta maganin shi ne zai tsara yadda za a rage shi.

Mene ne aikin ikkilisiya?

Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana 7 ba su ce uffan ba, kuma sai da suka buɗe baki suna neman laifinsa suka ƙara masa ciwo. Ziyara, kai abinci, riƙe wa mai jego jariri don ta yi barci, rakiya zuwa asibiti, da rufe sirri, duk ayyuka ne da Zumuntar Mata da dattawan ikkilisiya suka riga suka iya. A arewa maso gabashin Nijeriya, bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilu 2014 da mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) a Kwarhi a Oktoban shekarar, wannan ikkilisiya ta riƙa shirya tarukan warkar da raunin zuciya ga waɗanda suka rasa 'yan uwa da gidaje, inda ake ba kowa dama ya faɗi abin da ya gani a saurare shi.

Yaushe ya wajaba a garzaya asibiti?

Idan baƙin ciki, ko rashin jin daɗin abin da mutum ya saba so, ya wuce mako 2 tare da sauyin barci da cin abinci, a ga likita. Idan kuwa ya fara zancen kashe kansa, ko yana jin muryoyin da ba wanda yake ji, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da guba da makami daga kusa da shi, a kai shi a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa irin na Jos kuma suna da sashen masu wannan lalura. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare haƙƙin majinyaci da mutuncinsa, kuma ya dace fastoci su san da ita.