Motar da ta shekara 14 tana aiki da sola a duniyar Mars

Sana'ata haɗa sola ce a Gombe. Da hunturun nan muna kan rufin wani gida a Jekadafari muna goge farantan da hazo ya lulluɓe, sai na ba yaran shagona labarin motocin da ke yawo a duniyar Mars. Tun daga nan suka yi mini ca da tambayoyi har muka sauko.

Oga, wace irin mota ce haka?

Na'ura ce mai ƙafa shida, ba direba, da kyamarori da hannun ƙarfe na binciken duwatsu. A Janairun 2004 hukumar NASA ta Amurka ta sauke tagwaye a can, Spirit da Opportunity, da nufin su yi kwana 90 suna aiki. Spirit ta kai 2010. Opportunity kuwa sai Yunin 2018, bayan ta ci kilomita 45.

To wa ke goge musu ƙura?

Wannan tambayar ta fi faranta mini rai, don ita ce tushen zancen. Injiniyoyin da kansu sun ɗauka ƙura ce za ta rufe farantan a hankali har wuta ta yanke. Sai Allah ya kawo iska. Lokaci-lokaci takan taso ta share farantan, washegari a ga wuta ta ƙaru.

Amma ba sa'a kaɗai ba ce. Da dare sanyin Mars na wuce digiri 70 ƙasa da sifili, dole a tanadi wutar da za ta ɗumama batir da kwamfuta. Idan lokacin sanyi ya gabato, sai a nemi gangaren tudu a ajiye motar a karkace, farantanta na fuskantar arewa, domin a kudancin Mars suke. Mu nan kudu muke karkatar da namu, dalilin ɗaya ne. Na ce wa yaran, duk wanda ya taɓa lissafin wutar da za ta kai gida asuba ya san wannan aikin.

Ƙurar ce dai ta ci Opportunity a ƙarshe. Guguwar 2018 ta turnuƙe duniyar gaba ɗaya, rana ta ɓace, batir ya mutu. An aika mata saƙo fiye da 1,000 ba amsa, kafin a haƙura ran 13 ga Fabrairun 2019.

In ta lalace fa, ina bakanike?

Babu. Saƙo ma kan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, ya danganta da nisan duniyoyin biyu. Sai dai lallaɓawa. A 2006 ƙafar gaba ta dama ta Spirit ta ƙame, sai aka koma tuƙa ta da baya tana jan ƙafar. Wannan ja shi ya turɓune ƙasa a 2007, wata farar ƙasa mai sinadarin silika ta bayyana, alamar an taɓa yin ruwan zafi a wurin. A 2005 Opportunity ta kafe cikin yashi, injiniyoyi suka zuba ƙasa a ɗakin gwaji a Kalifoniya suna gwadawa da irinta, aka yi kusan mako biyar kafin ta fita. Haƙurin mutanen nan ya fi ƙarfen burge ni. Spirit da ta kafe a 2009 ba ta ƙara fita ba.

Na bayansu ma da sola suke aiki?

Na NASA dai, a'a. Curiosity da ta sauka a Agustan 2012 da Perseverance ta Fabrairun 2021 da zafin sinadarin fulutoniyam suke samun wuta, kusan wat 110 a farko. Bai kai rabin faranti ɗaya na waɗanda muke kafawa ba, amma dare da rana yake cajin batir, ba ruwansa da ƙura. Shekara biyu aka ɗebar wa Curiosity, ta haura goma. Ita matsalarta ƙafafu ce, duwatsu masu kaifi sun huhhuda su, shi ya sa ake zaɓa mata hanya.

Za a dawo da su gida?

Ƙaramin cikinsu ne ya yi wannan tambayar. Suna can inda suka tsaya. A Satumbar 2018, da ƙura ta fara lafawa, wani kumbo da ke kewaya Mars ya ɗauko hoton Opportunity daga sama, ɗan ɗigo a gangaren bakin wani ƙaton rami mai suna Endeavour.