Bayan an sallami mai ƙaramar shanyewar ɓarin jiki, me kiran waya zai tsinana masa?

Me ake nufi da ƙaramar shanyewar ɓarin jiki?

Jini ne yake daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, amma ɓarnar ba ta yi yawa ba. Baki ya ɗan karkace, hannu ya yi nauyi, magana ta harɗe, bayan 'yan kwanaki mutum ya miƙe da ƙafarsa. Akwai kuma wadda alamunta ke gushewa gaba ɗaya kafin awa 24, sau da yawa ma cikin mintoci. Ita wannan gargaɗi ce, domin a kwanakin farko bayanta ne aka fi fuskantar haɗarin babbar.

Tunda ya warware, wane taimako kuma yake buƙata?

Nan fa gizo ke saƙar. 'Yan dubiya sun ga yana tafiya, sun ce Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya kama gabansa. Shi kuwa a cikin gida yana fama da gajiyar da barci ba ya maganinta, yana manta abin da aka faɗa masa da safe, ƙaramin abu ya harzuƙa shi. Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka yi shanyewar jiki kan shiga matsananciyar damuwa. Ga kuma fargaba: hannu ya ɗan yi sanyi cikin dare, sai gaba ya faɗi. Magidancin da ya saba ɗaukar nauyin gida ba zai zauna ya gaya wa 'ya'yansa yana jin tsoro ba. Amma a waya, da wanda ba ya ganin fuskarsa, sau da yawa bakin yakan buɗe.

Wa ke kiran, kuma me ake tattaunawa?

Iri biyu ne. Akwai kiran ma'aikaciyar jinya, wadda za ta tambayi nawa awon hawan jini ya nuna, ko ana shan magani kullum, ko an rage gishiri da dunƙulen miya, ko an bar taba. Tambayar magani ce ta fi muhimmanci a ganina, saboda mutane da dama na ajiye maganin hawan jini da zarar sun ji daɗin jikinsu, alhali hawan jinin ne kan gaba wajen jawo cutar. Sai kuma kiran wanda shi ma ya taɓa kwanciya da ita. A Birtaniya ƙungiyar Stroke Association, mai tallafa wa masu shanyewar jiki, ta fara irin wannan a 2020, lokacin kullen korona: 'yan sa-kai na kiran mara lafiya sau ɗaya a mako, su yi hirar kamar rabin awa. Ba sa rubuta magani, saurare kawai suke yi, su faɗi yadda su suka tsallake.

An taɓa gwada wannan a Afirka?

An gwada a Kumasi ta ƙasar Gana, a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, a wani bincike mai suna PINGS da Dakta Fred Sarfo ya jagoranta. Mutum 60 aka fara da su. Rabinsu aka ba na'urar awon hawan jini mai aika sakamako ta waya, ma'aikatan jinya na bibiya, ana kuma turo musu saƙon tunatarwa. Gwajin ƙarami ne, amma ya nuna abu ne mai yiwuwa a inda likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci, kuɗin mota zuwa asibiti kuma ya zama aiki.

Idan maganarsa ba ta fita sosai fa?

Sai a buɗe lasifikar wayar, matarsa ko ɗansa ya zauna kusa. Ita ma mai jinyar tana da nata tambayoyin, da tata gajiyar.

Yaushe ne bai kamata a tsaya jiran kira ba?

Duk lokacin da baki ya sake karkacewa, ko hannu ya kasa ɗaguwa, ko magana ta rikice, ko gani ya ɗauke farat ɗaya. A lura da lokacin da abin ya fara, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ko da alamun sun wuce a hanya. Allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya cikin awa huɗu da rabi na farko ake yinta, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna. Kada a ɗura masa ruwa ko magani a baki kafin a isa, domin yana iya shaƙewa.