Waiwaye: Daga Haƙa Ƙasa Zuwa Dashen Itatuwa a Fasahar Zamani

A ƙarshen shekarun 1960 wasu masu sassaƙa a Amurka suka gaji da ɗakunan baje koli, suka ɗauki tifa da katafila suka nufi daji. Baje kolin da aka yi a gidan zane na Dwan da ke New York a 1968 shi ya tara su wuri guda. A lokacin ba ceton muhalli ne ya dame su ba. Ƙasa a wurinsu kayan aiki ce, kamar yumɓu a hannun maginin tukwane.

Aikin da ya fi shahara shi ne Spiral Jetty, wanda Robert Smithson ya gina a Afrilun 1970 a Babban Tafkin Gishiri na jihar Utah. Ya zuba baƙin dutse da ƙasa fiye da tan 6,000 cikin ruwa, ya yi hanya mai tsawon mita 457 da faɗin kusan mita 4.6, ta naɗe kamar gammo. Sai dai tafkin ba shi da mafita. Yawan ruwansa ya dogara ne da abin da koguna suka kawo da abin da rana ta ƙafar. An yi ginin lokacin da ruwa ya ja baya, don haka a 1972 ruwa ya dawo ya haɗiye shi. Bai sake fitowa sosai ba sai 2002, da fari ya tsananta, duwatsun sun yi fari fat da gishiri.

Shekarar 1982 ce ta juya akalar al'amarin. A Manhattan, Agnes Denes ta karɓi eka 2 na filin da aka cike da ɓaraguzai, kusa da Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi ta New York. An kawo tifa 200 ta ƙasar noma, aka ja layuka 285 da hannu, aka tsince duwatsu da shara, aka shuka alkama a watan Mayu. Wata huɗu ana ban ruwa, ana cire ciyawa, ana zuba taki, ana yaƙi da burtuntuna. Ranar 16 ga Agusta aka girbe sama da kilo 450, a kan filin da aka ƙiyasta darajarsa dala biliyan 4.5. Tambayar da gonar ta yi a bayyane take: tsakanin abinci da kuɗi, wanne ya fi cancantar ƙasa?

A ganina aikin Joseph Beuys a birnin Kassel na Jamus ya fi duka zurfi, domin shi ne ya yi tunanin abin da zai faru bayan mai aikin ya tafi. A babban baje kolin fasaha na documenta na 1982 ya jibge ginshiƙan baƙin dutse 7,000 a dandalin da ke gaban gidan tarihi na Fridericianum. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba a ɗauke dutse sai an dasa itace, a kafa dutsen a gefensa, kimanin mita 1.2 a saman ƙasa. A lokacin kowane dashe yana cin mak 500, kuɗin Jamus na wancan zamani, kuma kowa na iya biya. Mutanen gari sun yi ta ƙorafi kan tulin da ya ɓata musu dandali, wasu kuma kan wuraren ajiye mota da itatuwa za su cinye. To, mai son tulin ya ragu, hanyarsa ɗaya ce, a yi dashe. Dutsen kuma yana da aikin da ya wuce ado. Da farko shi ke jan ido kusa da siririn dashe, da shekaru suka tura itacen ya rufe shi, kuma idan itace ya mutu, abin da ke yawan faruwa a birni saboda daddaƙewar ƙasa da gishirin da ake watsa wa tituna lokacin sanyi, dutsen na nan tsaye yana nuna gurbin da za a cike. Ba duka ne itacen oak ba, duk da cewa sunan aikin 7000 Oaks, wato itatuwan oak 7,000. An haɗa da wasu nau'o'in da suka fi jure bakin titi. Beuys ya rasu a Janairun 1986, ɗansa Wenzel ne ya dasa na ƙarshe a 1987.

Daga baya sauyin yanayi ya shigo fagen kai tsaye. A 2015, lokacin taron yanayi na Paris, Olafur Eliasson ya jera manyan curin ƙanƙara 12 da aka kwaso daga ruwan Greenland, aka bar su suna narkewa a gaban jama'a. Masu suka sun tambayi yawan man da aka ƙona wajen jigilarsu cikin kwantenoni masu sanyi, kuma tambayar tana kan hanya.

Shi kuwa Spiral Jetty, wanda gidauniyar Dia ke kula da shi tun 1999, yau a busasshiyar ƙasa yake. Noma da birane sun janye ruwan kogunan da ke ciyar da tafkin, fari ya ƙara, har a 2022 ruwan ya sauka matakin da ba a taɓa aunawa ba. Mai ziyara sai ya wuce duwatsun ya yi tafiya mai nisa a kan ɓawon gishiri kafin ƙafarsa ta taɓa ruwa.