Wai me ake nufi da "sabon nau'in tsiro"? Ga misali da wata 'yar uwar aya

Kusan kullum sai ka ci karo da labari a intanet wai masana sun gano sabon nau'in tsiro, mutane su yi ta tambaya a ƙasa, yanzu ya tsiro ne ko kuwa haɗa shi aka yi a ɗakin gwaji? Ko ɗaya babu. Tsiron yana nan tun kafin kakannin kakanninmu, dabbobi na cinsa, mutanen wurin na taka shi, wataƙila ma suna da sunan da suke kiransa da yarensu. Abin da ya zama sabo kawai shi ne yau aka shigar da shi rajistar masana da suna nasa na kansa. Kamar dattijo ne mai furfura da sai yanzu aka yi masa takardar haihuwa.

Bari mu ɗauki Carex xerophila. Wata 'yar ciyawa ce da aka raɗa wa suna a 2014 a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, masanan da sunansu ke manne da nata su ne Lawrence Janeway da Peter Zika. Na ce ciyawa amma fa masana ba za su yarda ba, a wurinsu ba dangin gero da dawa ba ce, dangin aya ce. Eh, ayar nan dai da muke kunu da ita. Sunan dangin Cyperaceae, a ciki akwai aya, akwai jiji da ke hana manomi sakat a fadama, akwai kajiji na turare, har da ciyawar da Misirawan dā suka yi takarda da ita. Dangi ne babba, nau'i ya haura 5,000, jinsin Carex kaɗai ya kai wajen 2,000.

In kana so ka gane ɗan wannan dangi to ka tsinko karan aya ka murza tsakanin yatsu, za ka ji ba ya mirginawa sumul, kusurwa uku gare shi, kuma babu gaɓa-gaɓa irin na karan dawa, ganyen ma ta ɓangare uku yake fita. Ba duka ba ne dai, kajiji karansa zagayayye ne, amma yawanci haka suke.

To abin da ya sa wannan ta Kalifoniya ta ja hankali shi ne inda take zama. Mu dai mun san dangin aya da son danshi, bakin rafi, fadama, inda ruwa ke kwanciya. Ita kuwa ta tare a busasshen jeji mai duwatsu a gindin tsaunukan Siyera Nebada, irin jejin da suke kira chaparral, wato ƙananan itatuwa masu taurin ganye cunkushe da juna, ruwan sama sai lokacin sanyi, watannin zafi kuwa ƙasa ta bushe ƙayau, gobara kuma ta zama abin da aka saba. Sunanta ma daga nan ya fito, xerophila da Girkanci mai son bushewa kenan. Ƙasar wurin ma ba ta arziki ba ce, daga duwatsun gabbro da serpentine take, ma'adinan magnesiyam da ƙarfe sun yi mata yawa, tsirrai da dama ba sa iya rayuwa a kanta, shi ya sa waɗanda suka jure sukan zama na daban, ba ka samunsu a ko'ina sai nan. An same ta a gundumomin Butte, Yuba, Nevada da El Dorado.

Yanzu ta yaya abu ke zama "sabon nau'i" a hukumance? Ba wai ka ɗauki hoto ka ɗora a Facebook ka ce na gano ba. Akwai dokar raɗa wa tsirrai suna ta duniya kuma tana da tsauri. Sai ka tsinko tsiron da saiwarsa da 'ya'yansa, ka danne shi tsakanin takardu ya bushe, a manna a kan kwali a rubuta inda aka samo shi da rana da wanda ya tsinko, a ajiye a ma'ajiyar busassun tsirrai. Kwali ɗaya ake zaɓa ya zama shi ne shaidar sunan har abada, duk wanda ya yi gardama nan gaba a ce je ka duba wancan. Sannan ka rubuta bayanin abin da ya bambanta shi da 'yan uwansa ka buga a mujallar masana, ita wannan a mujallar Madroño aka buga ta. Da can dole bayanin ya zama da Latin, daga 1 ga Janairun 2012 aka yarda da Turanci ma, aka kuma yarda a wallafa ta intanet. In ka ga an rubuta sp. nov. a gaban suna to alamar kenan, karon farko ne sunan ke fitowa. Tsarin suna biyu ɗin nan kuwa, na jinsi da na nau'i, tun 1753 yake daga Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin.

Wahalar aikin tana wurin bambancewa, musamman a Carex da kusan duk kamarsu ɗaya a idon wanda ba gwani ba. Abin da suke dubawa wata 'yar jaka ce da ke lulluɓe da ƙwayar iri, tsawonta 'yan milimita ne, sai da madubin ƙara girma za ka ga ko tana da gashi, jijiyoyi nawa ne a jikinta, bakinta dogo ne ko gajere. Yanzu an ƙara da gwajin DNA. Shi ya sa sau da yawa ba a jeji ake "gano" sabon nau'i ba, a cikin kabad ake gano shi, an tsinko shi shekaru da dama an liƙa masa sunan wani ɗan uwansa bisa kuskure, sai wani mai naci ya zo ya zauna ya jera kwalaye ya ce a'a, wannan daban ne. Duk shekara ana raɗa wa tsirrai wajen 2,000 suna a duniya, kuma da yawa ta wannan hanya ce.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan ciyawar da ba a ci ba a sha? Ni dai a ganina amfanin a fili yake, abin da ba shi da suna ba ya shiga takardar hukuma. Muddin ana ɗaukarta a matsayin wata ciyawa gama-gari, katafila za ta bi ta kanta a yi titi ko gidaje ba wanda zai ce uffan. Da ta samu suna aka ga ashe wurarenta 'yan kaɗan ne, sai ƙungiyar kare tsirran asali ta Kalifoniya ta saka ta a jerin masu wuyar samu, kuma a dokar muhalli ta jihar duk mai babban aikin gini a irin wannan wuri sai an fara duba ko tana nan kafin a ba shi izini.