Ƙaramin latas na tukwane

Latas, wanda wasu ke kira salak, a Nijar kuma salati, ganye ne da masana tsirrai suka raɗa wa suna Lactuca sativa. Sunan ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin madara, saboda farin ruwan da ke fita idan aka karya karansa. Misirawan dā ne suka fara nomansa, kuma hotonsa na nan a bangon kaburburansu tun fiye da shekara 4,000 da suka wuce. A yau Sin ce ke noma mafi yawansa a duniya.

Ƙaramin latas shi ne nau'in da ba ya baje ganye, sai ya dunƙule ya tsaya kamar dunƙulen hannu. Biyu sun fi shahara: Tom Thumb, tsohon iri mai laushin ganye da aka sani tun ƙarni na 19, da Little Gem, mai tsayayyen ganye da ɗan zaƙi. Saiwarsu ba ta nitsa ƙasa sosai, shi ya sa tukunya mai zurfin santimita 15 ta ishe su. Bokitin da ya fashe, jarkar da aka yanke, ko tsohon buhun siminti duk suna yi, muddin an huda gindinsu ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ana haɗa ƙasa mai laushi da yashi da takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro.

Irin ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya kan ɗauki kimanin 800 zuwa 1,000. Ba a binne shi. Yafawa ake yi, a barbaɗa ƙasa kaɗan a kai, domin yawancin irin latas yana buƙatar haske kafin ya tsiro. A cikin mako guda galibi ya fito. Idan ya yi ganye uku ko huɗu sai a rage cunkoso, a bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin tushe da tushe. Waɗanda aka cire ana iya dasa su a wata tukunyar, ko a ci su haka nan.

Zafi shi ne babbar matsalar wannan shuka, kuma a nan ne yawancin masu gwadawa ke faɗuwa. Irin ya fi tsirowa idan ɗumin ƙasa bai wuce digiri 20 a ma'aunin Celsius ba. Da ya kai wajen digiri 30, sai irin ya yi barci ya ƙi fitowa, mai shi ya zaci an sayar masa da mataccen iri, alhali lafiyarsa ƙalau. Wanda ya riga ya girma kuwa, zafi da tsawon yini kan sa shi ya miƙe kara ya yi fure, ganyen ya yi ɗaci, kuma daga nan ba ya komowa. Wannan ne dalilin da ya sa masu lambu a ƙasar Hausa ke nomansa da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yayin da tudun Jos mai sanyi ke samun lokaci mai tsawo. Amfanin tukunya shi ne ana ɗaukarta: ta sha hantsi, a mayar da ita inuwa kafin azahar. Masu dabara kan yi shukar da yamma, irin ya kwana cikin sanyin dare.

Ƙasar tukunya tana saurin bushewa, musamman da iskar hunturu, don haka ana ban ruwa kullum, wani lokaci safe da yamma. Idan ana yi ana fashi, gefen ganyen ciki kan yi baƙi kamar ƙuna, saboda sinadarin kalsiyam bai isa can ba. Darɓa da dodon koɗi suna cinsa. A tsakar gida kuwa kaji da ƙadangaru sun fi su ɓarna, tsohon gidan sauro ya isa maganinsu.

Yana nuna cikin kwana 45 zuwa 60. Ana iya yanke shi duka, ko a riƙa tsinkar ganyen waje ana barin zuciyar ta ci gaba da tofo. Masu son ci a kai a kai sukan shuka sabuwar tukunya duk mako biyu. Da yake ɗanye ake cinsa, da tumatir da albasa da ƙuli-ƙuli, ruwan da aka shayar da shi da wanda aka wanke shi duk sai sun kasance masu tsabta.