Kachala ba jiya ta fara ba: waiwaye kan fadamar Hadejia da Nguru

Duk shekara in ruwa ya ci gonaki a wajen Auyo da Hadejia, ko tsuntsun jan baki ya sauka a kan shinkafa, sai gardama ta tashi, wasu su ce canjin yanayi ne wasu su ce kawai ruwan bana ne ya yi yawa. Ni dai abin da ke damuna shi ne yadda ake magana kamar abin daga sama ya faɗo.

Farkon labarin kowa ya sani. An yi farin 1973, aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, noman rani ya buɗe a Kadawa da Kura da Bunkure, sannan na Challawa ya biyo a 1992, duka biyun a kan kogunan da ke zuba cikin kogin Hadejia. Jama'a sun samu abinci da sana'a, wannan ba mai musu.

To amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Da can kogin Hadejia numfashi yake yi. Da damina ya cika ya malale fadama, tarwaɗa da karfasa da bargi su bi ruwan su shiga cikin ciyawa su yi ƙwai, da rani kuma ya ja baya har wasu rassan su ƙafe ƙaf, shanu su shigo su cinye abin da ya tsiro, gaiwa ta shige laka ta jira damina. Da aka fara sakin ruwa da rani saboda masu ban ruwa sai wannan tsarin ya juye, ambaliyar damina ta ragu, ruwan rani kuma ya ƙi ɗaukewa. Ruwa mara zurfi da ke kwance shekara zagaye, ai shi kachala, doguwar ciyawar ruwan nan, ke so. Ta kama, ta tare yashi da laka, ta toshe hanyoyin ruwa, har mafi yawan ruwan ya karkata ta reshen kogin da ake kira Marma zuwa tafkin Nguru, na wajen Gashuwa kuma suna jira bai iso yadda ya saba ba. Cikin kachalar nan jan baki ke kwana, kwalekwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga. Wallahi masunci ya riga kowa ganin wannan, don shi ne kullum a cikin ruwan.

Ba wai ba a sa ido ba fa. Tun 1987 aka fara aikin kula da fadamar, a watan Janairu masu ƙidayar tsuntsaye kan fita da madubin hangen nesa su lissafa ɗinya da kirinjijiya da baƙin da ke tasowa daga Turai gudun sanyi su sauka a Dagona, matattarar tsuntsaye ta wajen Gashuwa, kuma a 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya. Aiki ne mai kyau. Sai dai tsuntsu yana da fiffike, in nan ya lalace ya koma can, ka ƙirga shi ka ce lafiya lau. Kifi fa ba inda zai je.

Shi ya sa nake ganin ƙidayar sau ɗaya a shekara ta yi kaɗan. A ba sarakunan ruwa da masunta littafi ko waya su riƙa rubuta irin kifin da ya fito da girmansa duk ranar kasuwa, a haɗa da ranakun da aka saki ruwa daga Tiga da Challawa. Dattawan da suka ga kogin tun kafin 1974 ma suna ta ƙarewa, ya kamata a je a ɗauki bayaninsu tun suna raye.